A Tushe Ake Shigar da Harshe: Dogon Dutsi da Sake Gina Babbar Manhajar Kwamfuta

A ɗauki misalin wani malamin makaranta a Dogon Dutsi da ya zauna zai buga jerin kalmomin Hausa domin ɗalibansa. Kwamfutar da ke gabansa tsohuwa ce, haruffanta a jere suke bisa tsarin Faransanci da ake kira AZERTY, kuma babbar manhajar da ke tafiyar da ita ɗaya ce daga cikin dangin Linux. Yana da é da è da ç a ƙarƙashin yatsunsa, amma ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ. Sai wani saurayi mai ɗan sani ya buɗe fayil ɗin da ke tsara madannai, ya ƙara layuka huɗu, haruffan suka bayyana, malam ya yi godiya. Bayan wasu watanni aka sabunta manhajar, sabon fayil ya hau kan tsohon, gyaran ya ɓace. Malam ya koma rubuta kasa a wurin ƙasa, baki a wurin baƙi, fada a wurin faɗa.

Ba a yi wa malamin nan mugunta ba, kuma manhajar ba ta lalace ba. Haka tsarin yake aiki: duk gyaran da aka yi a saman kammalalliyar manhaja, sabuntawa tana iya share shi, domin sabuntawa ba ta san komai ba sai abin da ke cikin tushen da aka gina ta daga gare shi. Harshen da bai shiga tushe ba baƙo ne a cikin na'ura. Saboda haka iya sake gina babbar manhaja daga rubutun tushenta, wanda ake ɗauka sana'ar masana kwamfuta ce kawai, ya kamata ya shiga cikin abubuwan da ɗaliban kimiyyar harshe suka damu da su, musamman a Nijar ta yau.

Mece ce sake ginawa daga tushe?

Kowace manhaja tana da fuska biyu. Ta farko rubutu ne da mutum ya yi, wanda wani mutum zai iya karantawa ya gyara. Shi ne rubutun tushe. Ta biyu ita ce abin da na'ura ke fahimta, jerin lambobi da wata manhaja ta musamman, mai harhaɗawa, ke fitarwa daga wancan rubutu. Manomin Arewa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Tushe kamar irin gero ne, kammalalliyar manhaja kuwa kamar gari. Wanda aka ba gari zai ci tuwo yau, amma ba zai shuka shi ba, ba kuma zai zaɓi zangarniyar da ta dace da gonarsa ba. Wanda ke da iri a rumbu yana da ta cewa a kan daminar baɗi.

Kamfanonin da ke sayar da rufaffiyar manhaja gari kawai suke bayarwa. Tafiyar da Richard Stallman ya sanar a 1983 da sunan GNU, da zuciyar manhajar da Linus Torvalds ya fitar a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, sun bi wata hanyar: a ba mutum irin, tare da izinin ya nazarce shi, ya sauya, ya raba wa wasu. Lasisin GPL, wanda ya fara fitowa a 1989, ya mayar da wannan izini sharaɗi a rubuce.

FreeBSD, wadda aka fara fitarwa a 1993, ita ce ta fi nuna yadda aikin yake a fili. Mai sabuntawa yakan sauko da tushen gaba ɗaya, ya karanta fayil ɗin UPDATING inda masu aikin ke rubuta gargaɗi. Daga nan ya ba da umarnin make buildworld, na'urar ta gina kayan aikin harhaɗawa, sannan ta yi amfani da su ta gina sauran sassan. Sai make buildkernel ya gina zuciyar, make installkernel ya ɗora ta, a kashe na'urar a kunna. Idan sabuwar zuciya ta tashi lafiya, sai make installworld ya ɗora sauran. Mataki na ƙarshe shi ne wanda zai fi jan hankalin mai nazarin matani: wata manhaja mai suna etcupdate takan gwama kwafi uku na fayilolin saiti, wato tsohon asali, sabon asali, da wanda mai na'ura ya gyara, ta haɗe su, inda suka saɓa, ta tsaya ta bar wa mutum hukunci. Malaman da suka gaji kwafar littattafai da hannu sun san wannan aiki da sunan muƙabala. Gentoo, da ta fito da cikakken bugunta na farko a 2002, ta ɗora rayuwarta duka a kan wannan hanya, har mai ginawa ne ke zaɓar harsunan da za a haɗa cikin manhajojinsa. Linux From Scratch kuwa, wanda Gerard Beekmans ya soma a 1999, littafi ne da ke koya wa mutum gina komai tubali bayan tubali.

Inda harshe yake kwance

Abin da ya sa maganar ta shafi sashen harsuna shi ne, hukunce-hukuncen da suka danganci harshe a cikin tushen suke, kuma a rubuce suke da rubutun da ɗalibi zai iya karantawa cikin mako guda.

Na farko, haruffa. Unicode ta daɗe da ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, ƴ tana da U+01B4. Matsalar ba a nan take ba, tana ga hanyar isa gare su. Tarin tsare-tsaren madannai da yawancin manhajojin Linux ke amfani da shi, xkeyboard-config, yana da tsarin Hausa na Najeriya da na Gana, dukansu a kan jerin Ingilishi na QWERTY. Kamaru tana da nata a kan AZERTY, Mali da Togo ma suna da nasu. Bahaushen Nijar da yatsunsa suka saba da AZERTY sai dai ya zaɓi ɗaya: ko ya rasa haruffansa, ko ya rasa sabonsa.

Na biyu, bayanan yanki. Ɗakin ajiyar ayyuka na GNU, wato glibc, wanda kusan kowace manhaja a Linux ke jingina da shi, yana ɗauke da fayil mai suna ha_NG, Hausar Najeriya, ba shi da ha_NE. Wanda ya zaɓi Hausa a Dogon Dutsi, na'urarsa za ta ɗauka kuɗinsa naira ne kuma lambar wayar ƙasarsa 234 ce, alhali da sefa yake ciniki, lambarsa kuma 227. Ma'ajiyar CLDR ta Unicode ta riga ta ware wa Hausar Nijar gurbinta, abin da ke nuna cewa giɓin ba na rashin hujja ba ne, na rashin mai bi ne.

Na uku, jerantawa. A ƙa'idar da CLDR ta rubuta wa Hausa, ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, sh yana zuwa bayan dukan kalmomin s, ts bayan dukan kalmomin t. Ke nan suna zai riga shanu, tuwo ya riga tsamiya. A jerin Faransanci akasin haka ne. Idan kuwa na'urar ta bi lambobin haruffa zalla, ƙasa za ta faɗa bayan zuma. Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Lokacin da glibc ta sabunta ƙa'idojin jerantawarta a bugu na 2.28 cikin watan Agusta na 2018, masu kula da rumbun bayanai na PostgreSQL sun gargaɗi jama'a da su sake gina fihirisansu, domin bayanan da aka jera da tsohuwar ƙa'ida na iya ɓacewa daga mai nema bayan sabuntawa. Rajistar makaranta da jerin sunayen masu jarrabawa da ƙamus duk a kan jerantawa suke tsaye.

Na huɗu, ƴ da 'y. Dokar da Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar a 1999 ta tsayar da ƴ, a Najeriya kuwa an fi sabawa da 'y. Ga idon mutum ƴaƴa da 'ya'ya abu ɗaya ne. Ga na'ura kuwa alamar da ke gaban y tana iya zama ɗaya daga cikin lambobi da dama, U+0027 ko U+2019 ko U+02BC, manhajojin rubutu kuma sukan juya ta su mai da ita buɗin zance. Ɗalibin da ke ƙirga kalmomi a tarin matani zai sami kalma guda ta rabu gida huɗu ko biyar, ƙididdigarsa ta gurɓace bai sani ba. Layi ɗaya a ƙa'idar jerantawa ko ta bincike ya isa ya gaya wa na'ura cewa waɗannan duka harafi ɗaya ne, amma sai wanda ya san tsarin sautin Hausa ya rubuta layin.

Me ya sa Dogon Dutsi?

Garin yana kan babbar hanyar ƙasa ta 1, ƙasa kaɗan da kilomita 300 gabas da Yamai, a jihar Dosso. Shi da Tibiri, wadda aka mayar gunduma mai zaman kanta a 2011, su ne tsakiyar ƙasar Arewa, ƙasar Matankari da Lugu, inda Sarauniya ta yi arangama da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Arawa ba su tsaya a iyaka ba. A jihar Kebbi ta Najeriya akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa. Dangi ɗaya, kari ɗaya, amma ƙa'idar rubutu biyu, kuɗi biyu, jerin madannai biyu. Duk wata ɓaraka da ke tsakanin ha_NG da ha_NE, a irin wannan wuri ake jin ta a jika.

Ga kuma karin harshen. Ba'are yana cewa hwari inda littafi ke cewa fari, sunka tahi inda littafi ke cewa suka tafi, wanga a wurin wannan, zamna a wurin zauna. Yana da kalmomin da ya aro daga Faransanci, irin su lakwal da mushe, yana kuma ƙirga kuɗi da dala, ta yadda dala ashirin ke nufin sefa 100. Manhajar duba kuskuren rubutu da aka gina da matanin Kano kaɗai za ta ja jan layi a ƙarƙashin rabin maganar tsohuwar da ɗalibi ya naɗo a Matankari. Ba a cewa a watsar da daidaitacciyar Hausa. Ita ce ta dace da umarnin da ke bayyana a fuskar na'ura, domin ɗan Damagaram da ɗan Zariya su gane. Abin da ake cewa shi ne, ƙamus ɗin irin su Hunspell fayiloli biyu ne na rubutu, ɗaya na kalmomi ɗaya na ɗafe-ɗafe, kuma mai riƙe da tushe zai iya gina na Arewanci a gefen na daidaitacciya. A rufaffiyar manhaja sai dai a rubuta koke a jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in an bar masa tsani.

Lokacin ma ya yi. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a 1973, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, sannan kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kowane ra'ayi mutum yake da shi game da wannan mataki, abu ɗaya a fili yake: harshen da za a rubuta takardun hukuma da shi dole ne na'urorin ofis su iya buga shi, su jera shi, su nemo shi. Matsayin da aka ba harshe a takarda ba ya sauka cikin kwamfuta da kansa.

A daidai wannan lokaci kuma tsofaffin na'urori suna rasa masu kula da su. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana buƙatar kayan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Hatta Debian, a bugunta na 13 da ya fito cikin Agusta 2025, ba ta ƙara ba da manhajar girkawa ga kwamfutocin Intel masu bit 32 ba. Inda ake sayen kwamfuta ta hannu kuma ake riƙe ta shekaru, wannan yana nufin na'ura mai rai za ta zama gawa a kan tebur. Gentoo da NetBSD suna ci gaba da ginuwa a kan irin waɗannan na'urori, ga wanda ya iya.

Abin da masu suka za su ce

Suka ta farko ita ce wuta da zafi. Harhaɗa babbar manhaja yakan ɗauki sa'o'i masu yawa a tsohuwar na'ura, tana aiki da dukan ƙarfinta, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ba a kuma manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta yanke layin saboda takunkumin ECOWAS, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Wannan suka gaskiya ce. Ɗaukewar wuta a tsakiyar harhaɗawa asarar lokaci ce kawai, amma a tsakiyar ɗorawa tana iya barin na'ura rabi sabuwa rabi tsohuwa, ta ƙi tashi. Amsar ita ce ba kowa ne zai gina ba. Na'ura ɗaya mai ƙarfi, a wurin da ke da batir ko hasken rana, ta isa ta gina wa ɗari. Sauran su karɓa a ƙaramar ma'ajiyar USB, ba tare da kowace makaranta ta ƙone kuɗin intanet ba. A kowane ƙauye ana cin tuwo, amma ba kowane gida ne ke da injin niƙa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ba sai an sake gina komai ba kafin a gyara harshe. Fayil ɗin yanki ana harhaɗa shi shi kaɗai da localedef, fassarar umarni ana harhaɗa ta da msgfmt, tsarin madannai ma rubutu ne kawai. Haka ne. Amma wanda bai taɓa ganin ginin daga ƙasa zuwa sama ba, ba ya sanin wane sashe ne ke jingine da wane, shi ya sa gyaransa ke ɓacewa kamar na saurayin da aka fara da shi. Sake ginawa makaranta ce kafin ta zama hanyar sabuntawa. Kuma manufar ƙarshe ba ita ce Dogon Dutsi ta riƙe nata reshe ita kaɗai har abada ba. Wannan nauyi ne da zai gajiyar da kowa. Manufar ita ce a gwada gyaran a gida, a tabbatar ya ginu lafiya, sannan a aika shi ga masu kula da asalin tushen. Ranar da suka karɓa, sabuntawar da a da take sharewa ita za ta riƙa kai gyaran kowace na'ura, daga Tibiri har Kumasi.

Suka ta uku ita ce jama'a a waya suke, ba a kwamfuta ba. Gaskiya ne, kuma wayoyin zamani sun sauƙaƙa buga haruffa masu lanƙwasa. Sai dai takardar haihuwa da rajistar ɗalibai da kundin digiri da ƙamus ba a waya ake tsara su ba. Android ɗin ma a kan zuciyar Linux take zaune, kuma daga CLDR take samun bayanan harsuna.

Akwai kuma ruɗin da ya kamata a kauce masa, na zaton duk abin da aka gina daga tushe amintacce ne. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz, kuma an shirya ta ne ta yadda za ta shige a lokacin ginawa. Buɗaɗɗen tushe ne ya ba da damar kama ta, amma sai da aka sami mai dubawa. Samun littafi daban, karanta shi daban.

Aikin da ke jira

Ayyukan ƙanana ne, kuma kowanne ya isa ya zama kundin digiri na biyu. Akwai rubuta fayil ɗin ha_NE, wanda zai tilasta wa mai shi ya yanke hukunci a kan sunayen watanni da gajarta su, da alamar kuɗi, da waƙafi ko ɗigo a cikin lambobi. Akwai tsara madannai a kan AZERTY, kuma a nan ya wajaba a yi adalci: jihar Dosso ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Tsarin da ya kawo ƙ ya manta da ŋ da ɲ na Zabarmanci, ko ə na Barbarci da Azbinanci, ko bukatun Fulatanci, ya maimaita wa wasu abin da aka yi wa Hausa. Akwai tattara kalmomin fannin, a daidaita yadda za a ce adana da share da buɗe da sabunta, domin kada kowace manhaja ta zo da nata. Akwai ƙamus ɗin Arewanci da ƙa'idojin ɗafe-ɗafensa.

Ba a rasa cibiyoyin da za su ɗauki nauyin ba. Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen kimiyyar harshe, INDRAP ta daɗe tana shirya littattafan harsunan ƙasa, CELHTO a Yamai ita ta karɓi taron daidaita rubutun Hausa na 1980, Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 kuma tana horar da ɗalibai a fannin fasahar zamani. Abin da ya rage shi ne ɗalibin harshe da ɗalibin kwamfuta su zauna a kan tabarma ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ɗaya ya san umarnin da ake ba na'ura amma bai san dalilin da ya sa ts harafi guda ne ba, ɗayan ya san dalilin amma bai san fayil ɗin da za a rubuta shi ba.

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yanke hukunci a kan haruffa a zamanin da tafireta da maɗaba'a ke da iko, kuma masana harshe ne suka zauna a kujerun. A yau ana yanke irin waɗannan hukunce-hukunce a cikin fayilolin tushe, ƙofa a buɗe take, ba a tambayar kowa takardar gayyata. Idan masana harshen Nijar ba su shiga ba, za a yanke ne ba da su ba, ba don raini ba, sai don babu wanda ya zo. Malamin Dogon Dutsi kuwa zai ci gaba da kiran saurayin nan bayan kowace sabuntawa, har ranar da ɗayansu ya gaji, ƙasa ta koma kasa a rajistar makaranta.